Ishaku na Nineba: bishop ɗin da ya ajiye kujera bayan wata biyar

Malam Istifanus:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Wata uku ke nan ƙafar nan ta zaunar da ni a gida, ko sujada sai dai a ba ni labari. Zaman ne ya sa na ɗauko wani littafi da babban ɗana ya kawo mini tun bara, na koyarwar Ishaku na Nineba, kuma tun da na fara karanta shi ya hana ni sakat. Bari in ba ku labarinsa a gajarce. An haife shi a ƙarni na 7 a yankin Bet Ƙatraye, wato gaɓar tekun Fasha, wajajen inda ƙasar Ƙatar take a yau. A lokacin akwai Kirista da yawa a can, 'yan Ikkilisiyar Gabas, masu sujada da harshen Suryanci. A 676 shugabansu Giwargis ya je yankin don wani taron majalisa, kuma shi ne ya naɗa Ishaku bishop na Nineba, garin da aka aiki Yunusa, kusa da Mosul ta Iraƙi. Wata biyar kacal ya yi a kan kujerar, ya ajiye ta, ya nufi duwatsun Khuzistan a Iran ta yanzu. Daga baya ya zauna a gidan zuhudu na Rabban Shabur, wato gidan masu keɓe kansu don ibada, ya yi ta karatu har idonsa ya tafi, can ya rasu cikin tsufa. Wanda ya rubuta tarihinsa, Ishodenah na Basra, da ya zo kan dalilin ajiye kujerar cewa kawai ya yi, Allah ne ya san dalilin.

Amma akwai wata ruwaya, ita ce ta sa na buɗe zancen nan. An ce mutum biyu suka zo gabansa da ƙara, ɗaya na bin ɗaya bashi. Wanda ake bi ya amsa, ya roƙi a ɗaga masa ƙafa. Mai kuɗi ya ce sai dai su je gaban alƙali. Ishaku ya tuna masa abin da Bishara ta ce a kan mai ɗaukar kayanka, wato kada ka nemi ya mayar maka. Mutumin ya ce masa, a ajiye maganar Bishara a gefe tukuna. Ishaku ya ce, in Bishara ba ta da wurin zama a nan, ni me na zo yi? Ya tattara ya tafi. Tambayata: gudu ya yi, ko gaskiya ya bi?

Fasto Haruna:
Baba, sannu da jiki, Ubangiji ya ƙara sauƙi. Ni dai gudu nake gani. Makiyayi ba ya barin garke don tunkiya ɗaya ta yi masa taurin kai. In haka ne, da ni ma tun shekarar farko na tattara komatsaina. Wane zaman dattawan ikkilisiya ne ba a ce maka, Fasto, wannan ba maganar Littafi ba ce, maganar kuɗi ce?

Ɗanlami mai hatsi:
Hahaha. Fasto da ni kake, na gane.

Fasto Haruna:
Ban kama suna ba, Ɗanlami. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ɗanlami mai hatsi:
To tunda an taɓo ni bari in yi magana. Baba, ni ina bayan mai kuɗin nan. Shekara biyu ke nan na ba wani ɗan'uwa masara buhu 30 bashi, a bakin zai sayar ya kawo. Kujera ɗaya ke tsakaninmu ranar Lahadi. Yana ɗaga hannu yana waƙa, ni ina kallon ƙeyarsa ina lissafi. Ko buhu ɗaya bai dawo ba. In na yi magana a ce mini ka yi haƙuri, kai Kirista ne. Wanda ya ba ni kayan ni ma ba haƙuri ya karɓa a hannuna ba, kuɗi na ƙirga masa. Shi Ishakun nan yana da 'ya'ya a makaranta?

Malam Istifanus:
Ba shi da su, Ɗanlami, kuma tambayarka tana kan hanya. Rubutunsa don masu zaman kaɗaici ya yi shi, mutanen da ba su da mata, ba su da shago. Wanda ya ɗauki maganarsa ya mai da ita doka a kan ɗan kasuwa ya zalunci ɗan kasuwar, ya kuma zalunci Ishaku. Amma akwai abin da ya faɗa a kan Allah, wannan kuwa ya shafi kowa. Cewa ya yi kada mu kira Allah mai adalci irin adalcin da muka sani, don in da sikeli yake auna mu, ba wanda zai sha. Ya kawo misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20: wanda ya shiga aiki da sassafe da wanda ya shiga rana ta kusa faɗuwa, dinari ɗaya aka ba kowa. Ya kawo ɗan nan na Luka 15 da ya cinye rabonsa a yawon banza, uban ya sheƙa a guje ya rungume shi. Ya ce ina adalcin a nan? Sa'an nan ya yi wani kwatanci da ba na mantawa: zunubin 'yan adam duka, in aka gwada shi da jinƙan Allah, kamar cikin hannu ɗaya ne na rairayi da aka watsa a teku.

Fasto Haruna:
Nan ne zan taka birki, Baba. Littafi Mai Tsarki cike yake da cewa Allah mai adalci ne. Zabura nawa suka faɗa? Kuma gicciye fa? Ai a can adalci da jinƙai suka haɗu. In ka cire adalcin, me ya kai Almasihu kan itacen?

Malam Istifanus:
Amsar da ya bayar ita ce ƙauna. Yana riƙe da Yahaya 3:16 kam-kam. A ganinsa Allah bai rasa wata hanyar ceton mu ba, ya zaɓi wannan ne don mu ga iyakar da ƙaunarsa ta kai. Na san ba haka aka koya mana a makarantar Littafi ba, kuma ban ce ka yarda ba. Amma ka lura, bai ce Allah azzalumi ne ba. Cewa ya yi abin da Allah ke yi mana ya wuce sikeli.

Saratu:
Ina wuni Baba, ina wuni Fasto. Mun taɓa shi kaɗan a darasin tarihin ikkilisiya, kuma abin da ya fi ba ni mamaki yadda rubutunsa ya yi tafiya. Ikkilisiyarsa ita ce wadda sauran suka daɗe suna yi wa laƙabi da 'yan Nastoriyas, suna ganin ta kauce tun rigimar majalisar Afisa ta 431, inda aka ƙi koyarwar wani bishop mai suna Nastoriyas. Duk da haka wasu 'yan zuhudu biyu, Patrikiyos da Abramiyos, suka fassara shi zuwa Girkanci a gidan zuhudu na Mar Saba a Falasɗinu. Har suka canza sunayen wasu malaman da yake ambata don kada masu karatu su tsorata. Daga nan ya shiga Rasha, ya shiga Larabci, Kibɗawan Masar suka rungume shi, Habashawa suka juya shi zuwa Gi'iz, harshen sujadarsu, suna kiransa Mar Yishak. Kashi na biyu na rubutunsa kuwa ɓacewa ya yi, sai a 1983 wani masani mai suna Sebastian Brock ya gano shi a ɗakin karatu na Bodleian a Oxford. Kuma a Nuwamba 2024 Paparoma Francis ya sanar da sa sunansa a jerin tsarkakan Katolika. Wato mutanen da ba sa cin Jibin Ubangiji tare, duk suna karanta mutum ɗaya.

Fasto Haruna:
'Yata, ki faɗa musu abin da ke cikin kashi na biyun nan mana. Ko in faɗa?

Saratu:
Zan faɗa, Fasto. A surorin ƙarshe ya ce azabar Jahannama tana da iyaka, ba ramuwa ba ce, kuma yana sa ran a ƙarshe ƙaunar Allah za ta tattaro halitta duka. Tun a kashi na farko ma ya ce waɗanda ke cikinta da bulalar ƙauna ake dukansu, wato baƙin cikin gane cewa sun saɓa wa wanda ya ƙaunace su ya fi kowace wuta zafi.

Fasto Haruna:
To kun ji. Matiyu 25:46 ta ce madawwamiyar azaba, madawwamin rai, kalma ɗaya aka yi amfani da ita a duka biyun. In ta farko tana ƙarewa, me ya hana ta biyu ƙarewa? Ba zan hau bagade in faɗa wa mutane abin da Yesu bai faɗa ba. Kuma ba ni na fara ba, tun a zamaninsa wani bishop mai suna Daniyel bar Tubanita ya rubuta yana ƙalubalantar wasu maganganunsa uku.

Malam Istifanus:
Gaskiyarka a kan Daniyel. Ni ma a wannan gaɓar ban bi shi ba, ina tsaye inda ka tsaya. Abu ɗaya kawai zan ƙara don kada mu yi masa ƙage: bai ce a sheƙe aya ba. Ya ja kunne cewa ko da tana da iyaka, ɗanɗanonta abin tsoro ne ƙwarai, ba wanda zai iya jurewa. Dattijo ne da ya yi shekaru yana kallon jinƙan Allah har ya kasa hango inda ya ƙare. In kuskure ya yi, ta wannan gefen ya yi shi.

Malam Sani:
Assalamu alaikum. Malam, ɗalibinka ne na aji uku, wanda ka sha kora saboda makara. Ni Musulmi ne, kun sani, amma zancen ya ja ni. In an naɗa shi a wajajen 676, zamanin Mu'awiya ke nan, wato a ƙarƙashin mulkin Musulmi ya yi rayuwarsa ta girma. Alƙur'ani a Ma'ida aya ta 82 ya ambaci malamai da ruhubanawan Nasara da cewa ba sa girman kai. Maganar rairayi da teku ta tuna mini hadisin da Allah ke cewa rahamarsa ta rinjayi fushinsa. Ba ina cewa abu ɗaya ba ne, mu ba mu da ruhubananci, kuma batun gicciye kun san inda muka rabu. Ɗanlami kuma, a wurinmu bashi ba abin wasa ba ne, ko shahidi ana gafarta masa komai ban da bashi. Amma Baƙara aya ta 280 ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu, in an yafe ya fi alheri. Tambayar ita ce, mutumin naka babu ce ta hana shi, ko taurin bashi ne?

Ɗanlami mai hatsi:
Malam Sani, wallahi ban sani ba. Rabona da gidansa tun kafin Kirsimetin bara waccan. In na hango shi a kasuwa sai in canza layi, don kada bakina ya ja mini.

Malam Istifanus:
Sani, har yanzu kana makara, sai da aka yi nisa ka shigo. Amma tambayarka ta fi duk abin da na rubuta.

Maman Rifkatu:
Ni dai duk wannan na malamai ne. Abin da na ji ana faɗa a kansa shi ne shiru, shiru. Baba, wane shiru? Yara biyar, ga surukata a ɗaki, ga ƙosai da nake soyawa. Ƙarfe huɗu na asuba nake tashi in wanke wake, kafin mai inji ya buɗe. In na durƙusa addu'a, kafin in kai "a tsarkake sunanka" hankalina ya tafi kan kuɗin mai da gawayi. Har na fara cewa ko addu'ata ba ta wuce rufin ɗaki.

Malam Istifanus:
Maman Rifkatu, ke ce ma ya fi yi wa magana. Ya ce shiru asirin zamani mai zuwa ne, magana kuwa kayan aikin wannan duniya. Amma bai ce sai hankali ya tsaya cak ake addu'a ba. Akasin haka ya koyar: wanda ya ce zai jira sai tunaninsa ya daina yawo kafin ya fara, ba zai taɓa farawa ba. Tunani zai zo, abin da ake so kada ki bi shi ki zauna, ki dawo. Kuma ya fifita addu'ar dare a kan ta rana. Wannan ƙarfe huɗun da hannunki ke cikin ruwan wake, gari tsit, ba mai kiran sunanki, 'yan zuhudu duwatsu suka hau suna neman irinsa. Ya kuma ce akwai inda addu'a ke kaiwa kalmomi su ƙare, mutum ya tsaya cikin mamaki kawai, amma ya ce wannan kyauta ce, kuma da ƙyar ake samun wanda ya kai. Ni shekarata saba'in da ɗoriya ban ko leƙa ba.

Maman Rifkatu:
To in dai dawowa ce, ina dawowa sau ɗari. Wani lokaci kuma sai hawaye kawai, ban san dalili ba.

Malam Istifanus:
Ya yi dogon bayani a kan hawaye. Ya raba su biyu: akwai masu ƙuna, na tuba, akwai kuma masu sanyi da ke zuwa da kansu in mutum ya fara ɗanɗana alheri. Ya kwatanta su da kukan jariri sa'ad da ya faɗo duniya, alamar an shaƙi sabuwar iska. Ba ni zan ce miki naki wane iri ba ne.

Saratu:
Baba, akwai inda ya ce in ka ga wanda ya faɗi cikin zunubi ka shimfiɗa mayafinka ka rufe shi, in ba za ka iya ɗaukar laifinsa ba, aƙalla kada ka kunyata shi. Ina so Fasto ya ce wani abu a kan wannan. Wata ƙawata ta yi ciki kafin aure. Aka tsai da ita gaban jama'a ranar Lahadi, aka karanta sunanta, aka mai da ita kujerar baya wata shida. Ina kallonta, ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta har aka tashi. Wanda ya yi cikin kuwa ya bar gari, ba wanda ya karanta sunansa. Yanzu ba ta zuwa ko'ina.

Fasto Haruna:
Saratu, wannan ta taɓa ni, don na taɓa karanta irin sunan nan da bakina. Horo yana cikin Littafi, 1 Korantiyawa 5 tana nan, ba zan goge ta ba. Amma Galatiyawa 6:1 ma tana nan, a komo da mutum cikin tawali'u. Sau da yawa muna yin na farkon mu manta na biyun, kuma a kan mata abin ya fi sauka, wannan ba zan musa ba. Sai dai in an ce a rufe komai, gobe mai cin kuɗin baiko ma zai ce a rufe shi da mayafi.

Malam Sani:
Mu ma muna da hadisin wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi. Malamai sun bambanta tsakanin wanda ya zame da wanda ke cutar da jama'a. Na farko a rufa masa asiri, na biyu a hana shi.

Malam Istifanus:
Ishaku yana da wata magana mai nauyi a kan masu zafin kishin addini. Ya ce mai irin wannan kishi ba ya samun kwanciyar rai, kuma abin da yake ɗauka lafiya ce, cuta ce. Ya ce wanda ya ga zunubin kansa ya fi wanda ke ta da matattu da addu'arsa. Na yi shekara ashirin ina dattijon ikkilisiya. Da na karanta wannan na ajiye littafin na yi shiru, don na tuna fuskoki.

Ladi:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ku gafarce ni. An turo mini maganarsa da ta fi shahara, wai zuciya mai jinƙai ita ce wadda ke ƙuna saboda halitta duka, mutane da tsuntsaye da dabbobi har da aljanu, tana addu'a da hawaye saboda maƙiyan gaskiya da masu cutar da ita, har da masu jan ciki. Masu garkuwa sun ɗauke yayana a hanyar gona. Mun sayar da shanu biyu da fili muka kai musu. Suka karɓa, ba su sake shi ba. Har yau ko gawarsa ba mu gani ba. Matarsa ba ta san ko takaba za ta yi ba. Baba, waɗannan ne zan yi wa kuka?

Malam Istifanus:
Ladi, 'yata. Ba zan ce miki ki yi ba. Ba ni da bakin faɗa. Tambayarsa aka yi mece ce zuciya mai jinƙai, ya kwatanta ta, kamar mai faɗin yadda ƙwanƙolin dutse yake. Bai ce wanda ke kwance a gindin dutsen da karaya ya tashi ya hau yau ba. Kuma yi wa mutum addu'a bai hana a kama shi a hukunta shi ba. Zabura cike take da kukan waɗanda aka zalunta, wasu da zafin da ba ma iya karantawa a bagade. In abin da kike da shi ke nan yanzu, shi za ki kai.

Fasto Haruna:
Ladi, ina tare da Baba a nan. Zan kira ki da yamma in kin yarda.

Ladi:
Na gode. Ka kira bayan ƙarfe bakwai.

Ɗanlami mai hatsi:
Na so in yi barkwanci a kan macijin nan, in ce in ya shigo ɗakina sanda zai sha kafin addu'a, amma bayan maganar Ladi bakina ya mutu. Allah ya bayyana shi, 'yar'uwa.

Malam Sani:
Amin. Wannan masifar ba ta tambayar addinin kowa.

Ɗanlami mai hatsi:
Jama'a kwana uku ban leƙo ba. Tambayar Malam Sani ce ta hana ni barci, jiya na hau babur na je gidan mutumin. Na tarar da shi a tsakar gida yana gyaran tayar keke. Da ya gan ni ya miƙe, abin gyaran ya faɗi a ƙasa, bai ɗauka ba. Babur ɗinsa babu, injin niƙan matarsa babu, sai gurbinsa da baƙin mai a ƙasa. Ashe ya kai masarar kudu, motar ta kife a hanya, abin da aka tsira da shi bai biya kuɗin mota ba. Na ce me ya hana ka faɗa mini? Ya ce kunya. Na ce kunyar ba ta hana ka waƙa ba. Wannan na faɗa, ba zan ɓoye ba. Matarsa ta kawo ruwa a kofin silba, na sha. Mun tsaya a kan buhu biyar duk kaka, mun rubuta, ƙanensa ya sa hannu. Ban yafe ba, kada wani ya yi mini tafi. Shekara shida ke nan in Allah ya kai mu.

Fasto Haruna:
Ba mai yi maka tafi. Amma Baba, ka lura, zama aka yi aka sasanta. Da bishop ɗinka ya ƙara haƙuri ya zauna da mutanen nan biyu, wataƙila da haka ta faru. Ina nan a kan bakata, bai kamata ya tafi ba.

Malam Istifanus:
Wataƙila. Da ya zauna kuma, da Nineba ta sami bishop, mu kuma da ba mu sami littafin ba. Ban san wanne ya fi ba. Ɗanlami, ranar Lahadi wace kujera za ka zauna?

Ɗanlami mai hatsi:
Tawa mana, Baba. Shi ya matsa in yana so.

Maman Rifkatu:
Baba in ka gama da littafin a ba Saratu ta riƙa karanta mana a zumuntar mata ranar Alhamis, tana juya mana da Hausa. Wajen hawayen nan nake so a fara.

Saratu:
To Mama. Amma sai bayan jarrabawa, ranar 20 muke gamawa.